Katin Hoto da Mai Ɗaukar Nauyinsa: Darasi Daga Zongon Lome

Kalmar Zongo, wadda mutanen Togo da Gana da Benin suke kiran unguwannin baƙi Musulmi da ita, daga zango ta samo asali, wato wurin da ayarin fatake yake sauke kaya ya kwana. A irin wannan unguwa baƙo ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye. Sai ya sauka a wurin maigida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa dukiya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi. Michel Agier, wani Bafaranshe masanin zamantakewar al'umma, ya bayyana wannan tsari a littafin da ya wallafa a 1983 kan 'yan kasuwar Zongon Lome. Kafin fitowar littafin, hukuma ta riga ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni a 1977, an kwashe mutanensa zuwa arewa, tafiyar kimanin kilomita 15, wajen Agoè da Togblékopé, a bakin hanyar da ta nufi Sokode da Kara da iyakar Burkina Faso. Gidaje sun faɗi, amma al'adar maigida da baƙonsa ta bi mutane zuwa sabon mazauni.

A yau, baya ga shanu da goro, akwai wata hajar da take ratsa Lome. Ta tashar jiragen ruwa take shigowa, cikin kwantena: tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi da makarantun Turai suka gama yayinsu. Wasu su tsaya a shagunan Dekon, wasu su hau manyan motoci zuwa Wagadugu da Yamai, wasu kuma su ƙare a makarantun Islamiyya da shagunan buga takardu na Zongo. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da wani ɗan baƙo a cikinta, wanda shi ma ba ya taɓuka komai sai ya sami mai tsaya masa. Wannan baƙo shi ne katin hoto, na'urar da take zana duk abin da ido yake gani a fuskar kwamfuta. Darasin da ke tafe ya shafi yadda ake saukar da shi, da sharuɗɗan da ake cikawa kafin ya fara aiki, da abin da yake biyo baya ranar da mai ɗaukar nauyinsa ya janye hannu.

Kwamfutoci goma na makaranta

A wani lungu na Agoè-Zongo akwai wani saurayi mai gyaran kwamfuta, wanda ya daɗe yana koyon sana'ar a hannun maigidansa kafin ya kama ɗan shagon kansa. Wata rana malamin wata makarantar Islamiyya ya aika a kira shi. Iyayen yara sun yi karo-karo an sayo kwamfutoci goma na hannu, domin ɗalibai su koyi buga rubutu da Faransanci da Larabci. Mai kayan ya sa wani ɗalibin jami'a ya ɗora musu Linux, tunda ba a biyan kuɗin lasisinta, kuma ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Shida suna aiki lafiya lau. Sauran huɗun kuwa, da zarar an kunna sai rubutu ya ɗan gilma, daga nan fuska ta yi baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma babu abin gani.

"Ɗana," in ji malamin, "kuɗin nan na iyayen yara ne, cikinsu har da masu tallan koko da 'yan zemijan. Mai kayan ya ce abin da ya fita ba ya dawowa. Wani kuma ya duba ya ce katunan sun ƙone, sai an sayo sababbi. Ka faɗa mini gaskiya, kada ka ji nauyina."

Saurayin ya durƙusa ya sake kunna ɗaya, ya zuba wa fuskar ido har ta yi duhu. "Allah ya gafarta Malam," ya ce, "katin da ya ƙone ba ya rubuta haruffa tsaf-tsaf kamar yadda waɗannan suka yi kafin su yi shiru. A ba ni kwana biyu, kada a sayi komai tukuna."

Maganar tasa tana da tushe, kuma fahimtar tushen shi ne rabin darasin. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma baƙar fuskar kwamfuta ta sha jefa mutane a asarar da ba ta zama dole ba, saboda an ɗauki matsalar manhaja a matsayin mutuwar ƙarfe.

Ƙwaya, direba da lambar shaida

Babbar manhajar kwamfuta tana da wani sashe a can tsakiyarta da ake kira ƙwaya, masu gyara kuma su ce kanal. Ita kaɗai ke da izinin magana da kayan ƙarfe kai tsaye. Duk wata manhaja da take son ta rubuta a faifai, ko ta fitar da sauti, ko ta nuna hoto, sai ta bi ta hannunta. Ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ta haura layi miliyan 40 a farkon 2025. Mafi yawan waɗannan layuka direbobi ne. Direba a nan tafinta ne: ƙwaya tana da harshe ɗaya, kowace na'ura tana da nata, shi kuma yana tsakiya yana juya maganar wannan ga wancan.

Kamfanoni uku ne suka mamaye katunan hoto na kwamfutocin da ake gani a kasuwa: Intel da AMD da Nvidia. Kowane kati yana ɗauke da lambobin shaida biyu, ta kamfani da ta samfuri. Lambar Intel ita ce 8086, ta AMD 1002, ta Nvidia kuma 10de. Idan ƙwaya ta tashi, takan bi na'urorin da suke haɗe ɗaya bayan ɗaya tana karanta lambobinsu, sannan ta nemi direban da ya rubuta wannan lamba a jerin waɗanda ya sani. Umarnin lspci -nn yana nuna lambobin, lspci -k kuma yana faɗin direban da ya karɓi kowace na'ura. Kamannin akwati ba hujja ba ne. Kwamfutoci goma masu tambari ɗaya da launi ɗaya suna iya ɗaukar katuna iri uku, kamar yadda saurayin ya tarar da ya tayar da su da wani faifan gwaji da yake yawo da shi a aljihu.

Dalilin gilmawar rubutu kafin duhu kuwa, miƙa ragama ne. A daƙiƙun farko, ƙaramar manhajar da ke cikin na'urar, wato BIOS ko UEFI, ita take kunna kati a wani sauƙaƙan yanayi don ta nuna tambari da jerin zaɓi. Daga nan sai ta miƙa wa ƙwaya. A da, wata manhaja ce a wajen ƙwaya take daidaita faɗi da tsawon hoto. A watan Maris na 2009, da fitowar Linux 2.6.29, aka fara mayar da wannan aiki cikin ƙwayar kanta, a ƙarƙashin sashen da ake kira DRM, an soma da direban Intel mai suna i915. Direban radeon na katunan AMD ya biyo baya, nouveau na katunan Nvidia ya shigo a 2010, amdgpu na sababbin katunan AMD kuma a 2015 tare da Linux 4.2. Saboda haka duk fuskar da ta nuna rubutu sannan ta yi duhu, ɗayan biyu ne: ko an miƙa ragama babu mai karɓa, ko an karɓa ta suɓuce.

Sharaɗi a kan sharaɗi

Ba a ɗora wa kwamfuta layi miliyan 40 gaba ɗaya. Kafin a gina ƙwaya, sai an zaɓi abin da zai shiga, kuma tsarin da ke kula da wannan zaɓi sunansa Kconfig, wanda Roman Zippel ya shigar a 2002. Tambayoyinsa dubbai ne, kuma ga direba amsa uku ce. Harafin y yana nufin a gina shi a jikin ƙwaya, ya tashi tare da ita. Harafin m yana nufin a gina shi a matsayin guntu na gefe, a ajiye a faifai, a ɗauko shi idan an ga na'urar da take buƙatarsa. Harafin n yana nufin a bar shi kwata-kwata. Ana tara amsoshin a fayil guda mai suna .config, kuma wannan fayil shi yake yanke hukuncin baƙin da ƙwayar za ta iya sauke wa.

Amsoshin ba su cin gashin kansu. Kowane zaɓi yana da sharuɗɗa, kuma kalmomi biyu ne suka fi ɗaukar nauyin bayyana su. Ta farko ita ce depends on, ma'ana wannan ya dogara ga wancan. Direban amdgpu, alal misali, ya dogara ga sashen DRM da kuma sashen PCI, hanyar da kati yake haɗuwa da sauran na'ura. Idan ɗayansu a kashe yake, direban ba zai ma bayyana a jerin zaɓi ba. Mai nema zai yi ta dubawa har ya zaci babu shi a Linux. Haka nan, idan abin da aka dogara gare shi guntu na gefe ne, mai dogaron ba zai iya shiga jikin ƙwaya ba, domin yaro ba ya riga wanda ya goya shi isa gida. Kalma ta biyu ita ce select, ma'ana idan an zaɓi wannan, to a kunna wancan dole. Da ita direbobin hoto suke janyo mataimakansu, kamar mai ɗauko fayiloli daga faifai da mai rabon ma'adanar kati.

Bambancin kalmomin biyu ya yi kama da bambancin baƙon da aka ce masa ba zai sauka ba sai ya zo da wanda ya san shi, da kuma baƙon da ya iso da jama'arsa a baya. Na farko yana da tsari amma yana ɓatar da wanda bai san sharaɗin ba. Na biyu yana da sauƙi amma yana da haɗari, domin select takan kunna abu ba tare da ta duba ko nasa sharuɗɗan sun cika ba, kuma bayanin Kconfig da kansa ya yi gargaɗi a yi hattara da ita. Manyan masana ma suna tuntuɓe a nan. A 2024, ana shirin Linux 6.10, an gwada mayar da wasu mataimakan sashen hoto daga select zuwa depends on, don a rage rikicin sharuɗɗa. Sai direbobi da dama suka ɓace shiru daga saitunan da mutane suka saba gina ƙwaya da su, aka janye canjin kafin sigar ta fito.

A nan ne saurayin ya gano kashin farko na matsalar. Yawancin kwamfutocin Linux sukan ajiye kwafin saitin ƙwayarsu, galibi a jakar /boot. Da ya buɗe, sai ya ga direban hoto ɗaya tak aka kunna. Ɗalibin jami'ar, da kyakkyawar niyyar rage wa tsofaffin na'urori nauyi, ya gina ƙwayar kansa da umarnin make localmodconfig. Wannan umarni yakan duba guntayen da kwamfuta take amfani da su a daidai wannan lokaci, ya kashe duk sauran. Daga nan ya ƙara datse wasu da hannu, har da sauƙaƙan direban ko-ta-kwana da ke riƙe hoto idan na ainihi bai samu ba. Ya yi aikin a kan kwamfuta ɗaya, ta yi sauri, ya ji daɗi, ya kwafe faifan zuwa sauran tara. Rigar da aka ɗinka wa mutum ɗaya ce aka raba wa goma. Shida ta yi musu daidai don ƙirarsu ɗaya da wadda aka gwada.

Maganin bai ci ko dala ba. Saurayin ya ɗora ƙwayar gama-gari ta Debian, wadda aka gina ta da kusan dukan direbobi a matsayin guntayen gefe. Kwamfuta ɗaya ta haska nan take. Biyu suka ci gaba da duhu. Ta huɗu ta nuna hoto, amma da manyan haruffa masu hazo, taga kuma idan aka ja ta sai ta riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Abin da ba ya cikin ƙwaya

Ga biyun da suka ƙi, ya ƙara kalmar nomodeset a layin tayarwa. Wannan kalma tana hana direban ainihi karɓar ragama, sai hoto ya zauna a sauƙaƙan yanayin farko. Ba magani ba ce, fitila ce ta shiga ɗaki mai duhu. Da ita ya samu ya karanta rahoton da ƙwaya ta rubuta a tashin da ya gabata, ya tarar da layin da ya ce direba ya nemi wani fayil a jakar /lib/firmware bai samu ba.

Katunan hoto na zamani suna da ƙananan masarrafai a cikinsu, waɗanda suke buƙatar tasu manhajar, wadda masu gyara ke kira famwaya. Kamfanin da ya ƙera kati shi yake bayar da ita a dunƙule, ba a ganin yadda aka rubuta ta, kuma ba ta cikin ƙwaya. Aikin direba ne ya ɗauko ta daga faifai ya zuba wa kati a duk tashi. Idan babu ita, direba ya riga ya kori hoton farko, shi kuma ya kasa kafa nasa, sai duhu. Wannan wani dogaro ne da Kconfig ba ya iya tabbatar da cikarsa. Akwai ma tarko a cikin jerin lokaci: wanda ya zaɓi y don direba ya tashi da wuri, yana iya sa shi ya nemi fayil tun kafin a buɗe faifan da fayil ɗin yake ciki, sai dai idan an saka shi a ƙaramin kunshin tashi mai suna initramfs, ko an gina shi a jikin ƙwayar. Ke nan a wasu lokuta m ta fi y aminci, duk da cewa y ce take kama da cikakken goyon baya.

Shekaru da dama Debian ba ta saka irin waɗannan fayiloli a faifanta na hukuma, bisa aƙidarta ta rarraba manhajar da kowa zai iya karantawa ya gyara kaɗai. A 2022 mambobinta suka kaɗa ƙuri'a suka sauya matsayi, kuma Debian 12, wadda ta fito a watan Yuni na 2023, ta zo da su. Ga wanda yake da intanet mai arha, rashin fayil ɗaya aikin minti biyar ne. Ga mai gyara a Zongo, wanda yake sayen data da awo kuma kwamfutar da ke gabansa ba ta ma nuna hoto, wannan ƙuri'a ta rage wahala ƙwarai. Saurayin ya sauke kunshin da ya dace a wayarsa, ya zuba wa kwamfutocin biyu, ya cire nomodeset, suka haska.

Maraya

Ta huɗu ce ta tsaya. Ta girmi sauran, kuma katinta na cikin dangin da babu sauran direba mai hanzarta hoto da yake karɓarsu. Lafiyar ƙarfenta ƙalau. Abin da ta rasa shi ne mai tsaya mata.

Linux ba ta yi wa direbobi alkawarin cewa ƙofofin cikinta za su zauna yadda suke ba. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da ƙwayar, ya rubuta bayani na musamman kan dalilin haka, kuma yana cikin takardun ƙwayar har yau. Duk bayan mako tara ko goma sabuwar siga take fitowa, ana sauya tsarin ciki, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya sauya ƙofa shi zai gyara dukan direbobin da suke bi ta cikinta, muddin suna cikin gida. Direban da yake waje, wanda kamfani ya rufe rubutunsa, sai kamfanin ya bi sauyin da kansa. Nvidia ta daɗe a kan wannan hanya. Ta daina sabunta jerin direbanta na 340 a ƙarshen 2019, da na 390 a ƙarshen 2022, kuma sashen ƙwaya da ta buɗe a watan Mayu na 2022 ya shafi katunan zuriyar Turing ne da waɗanda suka biyo baya. Tsofaffin katunanta sun dogara ga nouveau, direban da masu sa kai suka gina ta hanyar nazarin yadda katin yake amsa umarni.

Zama a cikin gida ma ba ya nufin dawwama. A cikin ƙwayar akwai fayil mai suna MAINTAINERS, inda aka rubuta kowane sashe da sunan mai kula da shi da halin da yake ciki: akwai wanda ake biyan wani ya kula da shi, akwai wanda wani yake kula da shi don sa kai, akwai wanda ake ɗan taɓawa jefi-jefi, akwai kuma wanda aka rubuta masa kalmar Ingilishi mai ma'anar maraya. Direban da ya zama maraya nauyi ne a kan kowa, domin duk mai sauya tsari sai ya gyara shi alhali ba shi da katin da zai gwada. A Linux 6.3, cikin watan Afrilu na 2023, an cire tsofaffin direbobin hoto bakwai a lokaci guda: i810 da mga da r128 da savage da sis da tdfx da via. Tun 2012 manhajar Mesa, wadda take riƙe da ɗaya ɓangaren aikin a wajen ƙwaya, ta daina tallafa musu, don haka sun shafe shekara goma suna zaune babu abokin aiki. Haka Debian 13, a watan Agusta na 2025, ta daina fitar da ƙwaya da faifan ɗorawa na kwamfutoci masu bit 32.

Saurayin bai ɓoye wa malamin komai ba. "Allah ya gafarta Malam, tara sun tashi. Wannan ɗayar za ta yi buga rubutu da karatun littafi, amma kada a sa rai da bidiyo. Idan an samu hali nan gaba, ƙaramin kati na hannu zai gyara ta, sai dai a bar ni in duba lambarsa kafin a biya."

"Madalla, ɗana. A sa ta a ofis, ta riƙe mana sunayen yara," in ji malamin. "Allah ya yi wa sana'a albarka."

Wanda ba a ji muryarsa ba

Togo ba baƙuwa ba ce ga raya tsohuwar na'ura. A Lome ne aka kafa WoeLab a 2012, inda aka haɗa injin buga abubuwa masu jiki daga tarkacen kwamfutoci a 2013. Emmabuntüs, wani nau'in Linux da aka tsara don kwamfutocin hannu, an yi amfani da shi wajen buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin ƙasar tare da ƙungiyar YovoTogo. Kuma tun daga 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin gama-gari na Windows 10, ɗimbin kwamfutoci masu lafiya sun rasa gurbi a ofisoshin da suka saye su, saboda Windows 11 tana neman sharuɗɗan da ba su cika ba. Irin waɗannan ne suke cika kwantena. Ma'ana, kati yakan fara rayuwarsa ta biyu a Zongo a daidai lokacin da masu kula da direbansa suke tunanin ya gama amfani.

Kafin a cire direba, al'adar masu ƙwaya ita ce a sanar, a jira ko akwai mai cewa yana amfani da shi. Idan aka ji shiru, sai a ɗauka babu kowa. Ba mugunta ba ce. Mai kula da direba a Jamus ko Amurka ba shi da hanyar sanin cewa wata makaranta a bakin hanyar Sokode tana koyar da yara da katin da shi ya jefar shekaru goma sha biyar da suka wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan bai faɗa ba, mai jinka ba zai hau ba.

Saboda haka ɗalibin wannan fanni yana da aiki hawa biyu. Na farko shi ne bin sarƙar dogaro a jere, ba tare da tsallake ba: ya karanta lambar kati, ya duba ko akwai direban da ya san ta, ya tabbatar saitin ƙwaya ya kunna direban tare da sharuɗɗansa, ya tabbatar famwaya tana nan kuma tana isa a kan lokaci, sannan ya duba Mesa. Sai dukan waɗannan sun cika kuma duhu bai yaye ba, kafin ya yanke wa ƙarfe hukunci. Ga kwamfutoci masu ƙira daban-daban kuma, ƙwayar gama-gari mai dogon tallafi ta fi wadda aka datse, ko da ta fi ta nauyi.

Na biyu shi ne magana. Saurayin Agoè-Zongo yana da littafi a shagonsa, inda yake rubuta lambar kowane kati da ya wuce ta hannunsa, da sigar ƙwayar da ya yi aiki da ita, da wadda ya fara ƙi. Duk lokacin da sabuwar siga ta karya abin da tsohuwa take yi, yakan haɗa lambar kati da rahoton ƙwaya da sigogin biyu, ya aika wa masu kula da sashen da ɗan Ingilishin da yake iyawa. A ƙa'idar Linux, abin da yake aiki jiya ya daina yau laifi ne babba da ake gaggauta gyarawa, kuma rahoto mai lambobi daidai yana da nauyi ko daga ina ya fito. Ba kowane saƙo ake amsa masa ba, amma kowane ɗaya shaida ce a rubuce cewa katin yana da masu amfani da shi, kuma irin wannan shaida ce ake nema ranar da aka zo tambayar ko a bar direba ko a cire shi.